Idon Enos

Conewango, Agusta 1994

Yaya Drusilla,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu, da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da tsofaffin da kike jinya a Buffalo. Yaya gwiwar taki? Mu nan ruwa ya yi mana yawa bana, ciyawar dabbobi ta jiƙe kafin a kai ta rumbu. Yara lafiya lau, sai 'yar autar da ke fitar da haƙora ta hana kowa sakat.

Na daɗe riƙe da alƙalami ban san ta inda zan fara ba. Enos ne, mijina. Ranar Asabar da la'asar yana dawowa a keken doki daga kai wa wani linzamin da ya ɗinka, sai wata a-kori-kura ta wuce shi, samari a baya suna ihu. Kin san halin samarin waje da mu 'yan ikilisiya masu keken doki. Da can ƙwai ne ko ruɓaɓɓen tumatir, mu wanke mu yi shiru. Wannan karon kwalba ce cike, ta same shi a fuska. Dokin ne ya kawo shi gida da kansa.

Idon hagu ya tafi, likita bai ɓoye mana ba. Na dama yana gani dishi-dishi, amma wai akwai wani tantani a bayansa da ya fara ɗayewa, kuma sai babban likitan birni ya yi masa aiki kafin sanyi ya shigo. In ba haka ba shi ma zai bi ɗan'uwansa. Baduku kuwa, Yaya, da me zai zura zare a allura?

Enos ya ga wanda ya yi jifan. Curtis ne, ɗan Wendell Kruse, maƙwabcin nan namu wanda ba ɗan ikilisiya ba, da muke ɗauka haya ya kai mu asibiti da kasuwa a motarsa. Yaron da na sha yanka wa burodi in shafa masa man shanu yana jiran babansa a ƙofar gidana. 'Yan sanda sun zo asibiti, Enos ya ce musu shi ba shi da ƙarar kowa. Da aka sallame shi, fuska a naɗe, ya sa ni na gasa burodi muka tafi gidan Wendell tare da Dikin Mose, dattijon ikilisiyarmu, don su ji daga bakinmu cewa mun yafe. Wendell ya tsaya a bakin ƙofa da hularsa a hannu har muka juya.

Sunan nan tsakanina da ke ne, don Allah. Na faɗa miki ne don a nan ba wanda zan iya gaya wa cewa ina kwaɓa burodin nan fushi na ci na. Tun da aka ware ki daga ikilisiya an hana ni zama teburi ɗaya da ke, an hana ni karɓar abu daga hannunki, amma ba a hana ni rubuta miki ba. Kakanninmu mata ne kawai suka haɗa uwa, amma ke kika goya ni, ba ni da wata yayar da ta wuce ki.

Ki sa mu a addu'a.
Ƙanwarki, Saloma

*

Buffalo, Agusta 1994

Saloma 'yar nan,

Na gode da gaisuwa. Gwiwa tana nan yadda kika san ta, da safe ta yi gardama, da rana ta haƙura. Ki shafa mini kan yara, ki gaida Enos da jiki, in zai karɓi gaisuwar wadda aka ware irina.

A tsaye na karanta takardarki, kafin in kai ƙarshe sai da na nemi kujera. Burodi, Saloma? An tsiyaye wa mijinki ido, ke kuma kika hura murhu kika gasa musu burodi? Ban yi mamaki ba dai. Tun kina ƙarama in aka ƙwace miki tuffa sai ki ce dama ba kya jin yunwa.

Ki saurare ni da kyau, ki bar girgiza kan nan da na san kina yi. Jiha tana da asusu na musamman don mutanen da aka cuta irin haka. Wata abokiyar aikina da ɓarayi suka karya wa hannu a tashar bas, su suka biya mata asibiti, suka kuma riƙe ta har ta koma aiki. Na je ofishin da ƙafata. Matar da na samu mai kirki ce, ta ba ni kofi, ta saurare ni ba ta katse ni ba. Ta ce irin na Enos ne ma dalilin da ya sa aka kafa asusun. Abu biyu suke so. Ya sa hannu a takardar neman taimako, sannan ya ba 'yan sanda haɗin kai, wato ya faɗi abin da ya gani. Ta kuma ce abin yana da wa'adi, in aka bari ya wuce an rufe ƙofa.

Na san amsarku tun ba ki rubuta ba. Ba ma cin kuɗin gwamnati, ba ma kai ƙara, ikilisiya ita ke ɗaukar nata. Ni ma da wannan aka yaye ni. To amma gidaje nawa ne a ikilisiyar taku? Bara ba ke kika rubuto mini cewa rumbun su Atlee ya ƙone, matar bishop kuma ta yi wata da watanni a asibiti, har asusun sadaka ya koma ƙasa ba? Karɓar kuɗin asusun jihar nan ba roƙo ba ne. Harajin gonarku da kuke biya kowace shekara ba ku taɓa fashi ba, a cikinsa ne. Hakkinku ne.

Ni abin da na tara ba zai kai ko'ina ba, kuma ko ya kai kin ce ba kya karɓa daga hannuna. To ga hannun da ba nawa ba. Ki lallashe shi, kin fi kowa sanin lagonsa. Raina a ɓace yake, Saloma, kuma tsoro nake ji.

Yayarki mai baƙin jini, Drusilla

*

Conewango, farkon Satumba 1994

Yaya Drusilla,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna cikin aikin tumatir, kwalabe sun cika ɗakin girki har ba wurin taka ƙafa. Haƙorin 'yar auta ya fito, an samu barci. Enos ya amsa gaisuwarki, ya ce in gaya miki har yanzu bakinki ya fi ƙafarki sauri.

Na karanta masa takardarki, ban da wurin burodin. Ya saurara har ƙarshe. Can ya ce, “Idan na sa hannu, kuɗin idona ɗan Wendell ne zai biya shi da kurkuku. Ba zan iya gani da irin wannan idon ba.” Daga nan ya nemi in miƙo masa ruwa, maganar ta mutu. Kin san shi. Ba ya ɗaga murya, ba ya kuma ja da baya.

Dikin Mose ya aika wasiƙu zuwa ikilisiyoyinmu na Ohio da Pennsylvania. Za su taimaka, ba su taɓa ƙi ba, amma sai kowace ta zauna ta yi shawara, sannan a bi gida gida. Ba abin gaggawa ba ne a wurinsu, don yawancin mutane sai sun sayar da amfanin gona suke da abin bayarwa.

Ba zan yi miki ƙarya ba, na ajiye adireshin ofishin nan da kika aiko, ban jefa shi a murhu ba. Jiya Enos ya zuba madara a gefen kofi, ta malale a teburi, yara suka zuba masa ido, shi kuma ya yi dariya ya ce teburin ma yana jin ƙishirwa. Na fita bayan rumbu na yi kukana na dawo. Likita ya ce duhun yana sauka ne daga sama kamar ana jan labule, kuma Enos ya ce haka ne.

Amma kada ki yi komai, Yaya. Ba ni da ikon wuce maganarsa, kuma a can ƙasan zuciyata na san yana da gaskiya, ko da ba na son gaskiyar.

Saloma

*

Buffalo, ƙarshen Satumba 1994

Saloma,

Ina gaisuwa. Lafiya kuwa? Wasiƙa biyu na aiko ba amsa. Kullum na dawo daga aiki sai na leƙa akwati, ba komai sai takardar kuɗin wuta. Ko idon ne ya ƙara taɓarɓarewa? Ko dattawa ne suka ga rubutuna suka hana ki? Ko layi ɗaya ne ki rubuto, ki ce muna raye. Matar ofishin nan ta kira ni, ta ce lokaci yana tafiya.

Drusilla

*

Buffalo, Oktoba 1994

Saloma ƙanwata,

Ina fatan kuna lafiya, ko da yake ban san komai game da ku ba yanzu. Ni kam ba na cin abincin kirki.

Zan faɗa miki kai tsaye, ki yi fushin da za ki yi. Na koma ofishin, matar ta haɗa ni da wani jami'in 'yan sanda, na ba shi sunan Curtis Kruse. Na nuna masa wurin da kika rubuta shi a takardarki ta farko.

Na san kin ce tsakaninmu ne. Na san kin ce kada in yi komai. Amma a takarda ɗaya kika gaya mini kin ɓoye adireshin, kika gaya mini kina kuka a bayan rumbu, sannan kika yi shiru ɗif. Me kike so in ɗauka? Ni na san yadda ake rufe wa mace baki a can, an yi mini. Na ce a raina, yarinyar nan an ɗaure mata hannu, tana jiran wanda ba shi da abin da zai rasa ya yi mata abin da ba za ta iya ba. Ni kuwa me ya rage a ƙwace mini? An riga an ware ni, ba a ware mutum sau biyu.

Ga yadda na lissafa. Yanzu ba Enos ne ya kai ƙara ba, ni ce. Hannunsa a wanke yake a gaban Allah da gaban bishop. In 'yan sanda suka zo, abin da ya rage masa kawai ya ce e, haka ne, shi kuwa ba ya ƙarya. Daga nan sai sa hannu, a yi aikin kafin ƙanƙara ta sauko. Ku ɗora mini laifin duka, wuyana ya saba.

Ki zage ni in kin ga dama, amma ki zage ni a rubuce, in san kina nan.

Drusilla

*

Conewango, Oktoba 1994

Yaya Drusilla,

Gaisuwa da farin ciki cikin sunan Ubangiji. Masara ta yi kyau, maza suna ta yanka, itatuwa duk sun yi ja. Kowa lafiya. Na ga gajeruwar takardarki ta ƙarshen Satumba mai cike da tambayoyi, har na yi dariya. Haba Yaya, birni ya cinye miki kalanda ne? Kin manta lokacin Jibin Ubangiji na kaka ne, babbar ibadar nan tamu? Tun daga taron shawara har ranar jibin kowa yana gyara tsakaninsa da ikilisiya, ni kuwa ban ga ya dace a makonnin nan in riƙa aika wasiƙa ga wadda aka ware ba. Haka nake yi kowace kaka da kowace bazara, ba ki taɓa lura ba ne don ba ki taɓa jiran amsata da zafi haka ba. Ba wanda ya hana ni komai. An yi jibi ranar Lahadi, yau ga ni.

Yanzu riƙe kujerarki. Wendell ya zo. Ya sami Enos a shagonsa, ya zauna a kan buhu, ƙaton mutum kamar wannan ya fashe da kuka. Ya ce tun ranar da muka kai burodin nan bai yi barcin kirki ba, da zaginsa muka yi da ya fi masa sauƙi. Ya ce zai sayar da dajin katakon da ya gada a bayan gonarsa, ya biya asibiti kai tsaye, kuma shi da kansa zai kai Enos birni ya dawo da shi. Abu ɗaya ya roƙa, kada sunan yaron ya fita, don yana shirin shiga makarantar koyon gyaran injuna.

Dattawa sun zauna a kai. Bishop ya ce wannan ba kuɗin gwamnati ba ne, ba kuma na ƙara ba, mai laifi ne ya kawo gyara da ƙafarsa, ƙin karɓa ma girman kai ne. Enos ya yarda. An samu mai sayen dajin, likita ya ba mu rana a farkon Nuwamba. Curtis kuma kullum da safe yana zuwa ya kwashe mana kashin dawaki, ba ya iya haɗa ido da ni. Jiya na ba shi burodi da man shanu, wannan karon ba fushi a raina.

Kin gani ko? Ki gode wa matar ofishin nan, ki ce mata Allah ya kawo mafita. Na so in ga fuskarki kina karanta wannan, sarauniyar gardama.

Ƙanwarki, Saloma

*

Buffalo, Oktoba 1994

Saloma,

Takardunmu sun yi saɓani a hanya. Taki ta iso yau, tawa kuma na san tana hannunki.

Jibin kaka. Na yi shekara ashirin da wani abu ina durƙusawa a jibin nan, na wanke ƙafafun mata, an wanke nawa, amma ko sau ɗaya bai faɗo mini a rai ba. Na zauna ina ƙirƙiro miki kurkuku, ashe ke kina cikin ibada.

Ban ko cire takalmin aiki ba na koma ofishin. Na ce na janye, na ce kuskure na yi, har na ce ƙarya na yi. Matar ta riƙe hannuna ta ce ba ta da iko a kai, magana ta riga ta bar teburinta. Jami'in kuma ya ce laifi irin wannan ba na wanda ya kawo rahoto ba ne, na jiha ne, ba a janye shi. Na roƙe shi ya jinkirta ko zuwa bayan aikin idon. Ya ce zai duba, amma bai dube ni ba da yake faɗa.

Ki je wurin Wendell tun kafin su iso. Ki gaya masa ni ce, wata mahaukaciyar 'yar'uwarku da ba ta cikinku. Ki nuna masa takardata. Kaicona, Saloma.

Drusilla

*

Conewango, Janairu 1995

Yaya Drusilla,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ƙanƙara ta rufe hanya har shinge ba ya ganuwa. Yara sun yi mura sun warke. Wasiƙunki duk sun iso, na karanta su. Wannan shirun ba na jibi ba ne, nawa ne, ban iya rubutu ba sai yau.

Ban samu zuwa wurin Wendell ba. Kafin takardar da kika ce in je wurinsa ta iso, 'yan sanda sun riga sun zo. A ƙofar rumbunmu suka kama Curtis, da shebur a hannunsa, yara na kallo. Wendell ya ɗauka mun karɓi alkawarinsa da hannu ɗaya, muka miƙa ɗansa da ɗayan. Na je da takardarki in nuna masa, matarsa ta leƙo ta taga ta ce lauya ya hana su magana da mu, ya kuma hana su biyan ko sisi, don biya tamkar amsa laifi ne. An sayar da dajin kamar yadda aka shirya. Kuɗin ya tafi wurin beli da lauya.

Mai gabatar da ƙara ya zo gida har sau biyu. Kin yi gaskiya, Enos ba ya ƙarya. Abin da ba ki lissafa ba, ya iya shiru. Ya ba mutumin kujera, ya sa na kawo masa kofi, ya ce ba shi da abin faɗa a kan ɗan maƙwabcinsa. Abokan yaron ne suka ba da shaida, yana jiran hukunci yanzu. Ofishin asusun kuma suka rubuto, cikin ladabi ƙwarai, cewa ba sa hannu ba haɗin kai, don haka ba abin da za su iya yi.

Ranar da likita ya ba mu ta zo ta wuce. Ni kuma na durƙusa a gaban ikilisiya na amsa cewa ni na fitar da sunan. Ba wanda ya tilasta ni, gaskiya ce. Ke kika kai, amma ni na ba ki. Na rasa inda zan sauke fushina, na zuba shi a takarda na aika birni, na san kuma halin wadda na aika wa. Wannan yana ci na fiye da yadda zan iya rubutawa.

Taimakon Ohio da Pennsylvania ya haɗu bayan Kirsimeti, har ya yi rara. Dikin Mose ya samo wani direba daga nesa, muka tafi birni. Likitan ya daɗe yana haska fitila a idon, Enos bai ko ƙifta ba. Sannan ya kashe fitilar ya ce da a Nuwamba ne, da an ceto shi.

A hanyar dawowa Enos ya ce in rubuta miki cewa ya yafe, kuma ya san ƙauna ce ta sa ki. Na rubuta don shi ya sa ni, kuma da zuciya ɗaya ya faɗa. Tawa yafiyar ki ba ni lokaci, Yaya. Ina nema, ban samu ba tukuna, ba taki kaɗai ba, har da ta kaina.

Kin ce a wasiƙarki ta baya kina ta zirga-zirga a ofishin nan ko za su sake duba maganar. Ki daina wahalar da gwiwarki. Babu sauran abin da za a biya. Yau da safe babban ɗanmu ya riƙe hannun babansa ya kai shi shago, ya zura masa zare a allura, Enos ya zauna yana laluben fata da yatsunsa. Ya ce zai koya.

Ƙanwarki, Saloma